Kwas Ma Sai da Zaure

"Malam, na shiga fa, amma na rasa ƙofa."

Wata ɗalibata ce ta faɗa mini haka, matar aure, goye da jariri, tana tsaye a bakin ofishina tana miƙo mini wayarta. Ƙaramar Tecno ce, gilashin ya tsage daga kusurwa. Lokacin ba mu daɗe da dawowa daga zaman korona ba, an ce kowane malami ya ɗora kwas ɗinsa a Moodle, manhajar da makarantu ke sa darussa a intanet don ɗalibai su karanta. Ni kuwa na kwana uku ina loda nawa na labarin ƙasa, har ina ganin na sauke nauyi.

Da na karɓi wayar sai na ga abin da take gani. Fayiloli ne jere sun fi arba'in, da sunayen da na adana su a kwamfutata: lacca ta ɗaya, lacca ta ɗaya sabuwa, lacca ta ɗaya gyararriya. A babban allon ofis abin yana da ɗan fasali. A wayarta sai ka yi ta ja da yatsa ba ka ga ƙarshe ba, kuma babu abin da zai ce maka fara daga nan. Ta ce ta taɓa wani bidiyo, datar da ta saya ta mako guda ta ƙare bai kai rabi ba. Ba ƙorafi ta zo yi ba. So take in nuna mata wanne za ta fara karantawa kafin yaron ya tashi daga barci.

Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Kayan karatun duk suna nan, babu wanda na rage, amma na jibge su kamar an sauke kayan ɗaki a tsakar gida an tafi.

Daga baya na karanta tarihin wanda ya ƙirƙiri Moodle, Martin Dougiamas, mutumin Ostireliya, wanda ya fitar da ita a 2002 kuma ya bar ta kyauta ga duk makarantar da ke so. Ya tashi ne a wani ƙauye can cikin hamadar yammacin ƙasarsu, inda yara ke ɗaukar darasi ta rediyo saboda nisan makaranta. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da muka girma rediyo na manne da kunnen iyayenmu mun san cewa darasin nesa ba ya buƙatar ƙyale-ƙyale. Abin da yake buƙata shi ne mai sauraro ya san lokaci, ya san tasha.

Abu na farko da na gyara shi ne saman shafin, wanda nake kira zaure. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye, a zaure ake tarbarsa a gaya masa inda zai nufa. Na kwashe duk abin da ke wurin, na bar abu uku kacal: gajeriyar gaisuwa da ke bayyana abin da kwas ɗin ya ƙunsa da yadda za a raba maki, jadawalin ranakun gwaji da miƙa aiki, sai dandalin sanarwa. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: in yau ka fara shigowa, buɗe kashi na ɗaya, saurari muryar da ke ciki. Shi ke nan.

Sai maganar yadda za a raba kwas ɗin. Moodle tana ba ka zaɓi, ko ka tsara shi mako-mako, ita ta lissafa ranakun daga ranar da ka ce an fara, ko ka tsara shi maudu'i-maudu'i. Da farko mako-mako na zaɓa, don ya fi kama da jadawalin da muka saba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya raba ni da wannan tsari. Muka dawo kowane kashi na ɗauke da kwanan watan da ya wuce tuntuni, ɗalibai na tambaya ko an wuce su ne. Ana iya gyara ranar farawa, amma a ƙasar da zango ke iya tsayawa ba shiri, gara kashi ya ɗauki sunan abin da ke cikinsa. Yanzu in ka buɗe za ka ga "Me ke kawo damina da rani", "Hunturu da iskar arewa maso gabas", "Jigawa, fadama da laka", "Tafkin Chadi". Ɗalibin da ya yi jinya mako biyu ya san inda ya tsaya ba tare da ya ƙirga kwanaki ba.

Kowane kashi kuma siffarsa ɗaya da ɗan'uwansa, kamar ɗakunan haya. Murya a sama, karatu a tsakiya, ɗan gwaji a ƙasa. A nan na fi ɓata lokaci, kuma a nan na fi ganin amfani.

Bidiyon awa guda na daina shi gaba ɗaya. Ina zama a mota bayan sallar isha'i, in rufe gilashi saboda ƙarar janareton maƙwabta, in ɗauki murya ta minti takwas ko goma a wayata. In zan yi bayanin yadda iska mai laima daga tekun Atlantika ke turo busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa har ruwa ya sauka a Kano bayan ya daɗe da sauka a Legas, taswira ɗaya ta ishe ni, in rage mata nauyi in sa ta ƙarƙashin muryar. Nakan rubuta girman kowane fayil a jikin sunansa, megabayit kaza, don mutum ya san abin da zai kashe kafin ya taɓa. Karatun ma na daina sa shi a PDF sai dole, domin a ƙaramar waya sai an yi ta buɗawa ana matsewa. Ina rubuta shi a shafin Moodle kai tsaye, rubutun ya daidaita kansa da allon. Kuma na roƙi yaran sashen kwamfuta su kunna damar amfani da manhajar waya, wadda ke barin ɗalibi ya sauke kashi guda lokacin da yake da sabis, ya karanta a ƙauye ko babu. Da yawansu da datar dare suke saukewa, don ta fi araha.

Sassan kwas ɗin da ba mu iso ba ina ɓoye su. Akwai abokin aikina, dattijo ne da ya koyar da ni a aji biyu, da bai yarda da wannan ba. Ya ce, "Kai yaro, ilimi ake ɓoyewa? Bar musu su gani, mai himma ya yi gaba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana su na yi ba, tsoron yawa nake raba su da shi." Har yau ba mu daidaita ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa ga 'yan ajin ƙarshe. Ga 'yan aji ɗaya dai ina nan kan bakana.

Shigar da ɗalibai ya fi komai cin rai. Ajina ya haura mutum ɗari uku, ba zai yiwu in sa su ɗaya bayan ɗaya ba. Na raba su rukuni shida, kowane rukuni da mabuɗinsa, wato kalmar shiga, wanda duk ya shiga da mabuɗin rukuni na uku sai ya tsinci kansa a can. Matsalar da ban hango ba ita ce imel. Yawancinsu mai shagon intanet ne ya buɗe musu lokacin rajistar jarrabawa, ba su san kalmar sirrinsa ba, ga shi in ka manta ta Moodle can ake aika maka hanyar sabuntawa. Yanzu laccar farko ta kowane zango ba na koyar da komai. Kowa ya fito da wayarsa, mu shiga tare, wanda ya maƙale ya ɗaga hannu, na kusa da shi ya taimaka masa.

Gwaji kuwa, ina tara tambayoyi a rumbu, kowane maudu'i da nasa, manhajar ta ɗebo wa kowane ɗalibi goma daban da na maƙwabcinsa. Ina ba da dama biyu, domin agogon gwajin ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke. Lokacin rufe miƙa aiki na ɗauke shi daga sha biyun dare na mai da shi goma na safe, saboda wanda wayarsa ta mutu da daddare ba wuta ya samu ya kai ta wurin mai caji. Da azumi nakan ƙara kwana guda.

Dandalin tattaunawa ne har yanzu bai karɓu ba. Na buɗe, na yi tambayoyi, shiru. Duk hirar tana WhatsApp, kuma na haƙura da hakan. Abin da nake yi shi ne, duk tambayar da aka maimaita sau uku a can, in kwafo ta da amsarta in ajiye a zaure, inda ba za ta nutse cikin gaisuwar Juma'a ba.

Makon jiya na kwafi kwas ɗin zuwa sabon zango. Na share makin bara, na gyara jadawali, na sake ɗaukar muryar kashin Tafkin Chadi don tsohuwar akwai tari a ciki. Kafin in buɗe wa ɗalibai, na ari wayar mai gadinmu, wadda ta fi tawa tsufa, na sauya matsayina zuwa na ɗalibi, na tsaya a bakin ƙofar gida inda sabis ke da rauni. Zauren ya buɗe, muryar farko ta sauka. Taswirar kashi na huɗu ce ta ƙi fitowa, yau da daddare zan rage mata nauyi.