Asabar: adashin Yaya da Haskell

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Tun bayan sallar Asuba nake kan 'yar manhajar da nake rubuta wa Yaya. Ita ce uwar adashin matan layinsu, littafinta kuwa duk goge-goge ne: a rubuta da biro, a soke, a sake rubutawa a gefe, ranar kwasa kuma a yi ta musu.

Da Haskell nake rubuta ta, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Da yaren Python ne da tuni na gama. Sai in ware suna ɗaya a cikin shirin da zai riƙe jimla, duk wadda ta zuba in ƙara a kai. Haskell bai yarda da wannan ba. In ka ce wannan suna yana nufin dubu biyar, to dubu biyar ne har shirin ya ƙare, ba a sauya shi. Dole na sake tunani tun daga tushe. Kowane zubi ya zama layi guda a jeri: suna, rana, kuɗi. Ba na ajiye jimla a ko'ina. In ana buƙatarta, umarnin filter ya tace layukan mace ɗaya, map ya zaro kuɗin, sum ya haɗa. Layi ɗaya tal. Na daɗe ina kallonsa, domin abin da littafin Yaya ya rasa ke nan: ba a goge komai, kuma kowace jimla za a iya bin sawunta har zubin farko.

Wajen azahar GHC ya tare ni. Shi ne mai duba rubutun kafin ya mayar da shi shirin da kwamfuta za ta gudanar, kuma a Jami'ar Gilasgo aka fara gina shi. Na nemi kuɗin wata mata da lookup, umarnin neman suna a jeri, na ce a haɗa da na sauran, ya ƙi. Hujjarsa ita ce lookup Maybe yake dawowa da shi: ko dai Just da kuɗin, ko Nothing idan ba a samu sunan ba. Sai na faɗa masa abin da za a yi da wadda ba ta zuba ba. A ganina wannan tsanani alheri ne, domin a kuɗin mutane, wadda ba ta zuba ba daban take da wadda ta zuba sifili.

Da aka ɗauke wuta na ɗan karanta tarihin yaren a waya. Masana ne suka kafa kwamiti a 1987, sigar farko ta fito a 1990, suka sa masa sunan Haskell Curry, masanin mantiƙi ɗan Amurka da ya rasu a 1982. Pandoc ma, da nake juya takardu da shi kullum, da Haskell aka rubuta shi.

Bayan la'asar Yaya ta biyo da littafin a jaka. Na nuna mata, ta ce, "Auta, to idan na rubuta wa wata dubu biyu alhali uku ta kawo fa?" Na ce, "Yaya, sai mu ƙara layin gyara na dubu ɗaya, na farkon yana nan kowa na gani." Ta ce hakan ya fi mata, ta bar min littafin in kwafe zubin watan jiya.

Saura ajiye jerin a fayil, wato sai na shiga IO, ɓangaren da Haskell ya killace duk wata hulɗa da waje. Gobe in Allah ya kai mu.