Sensa da kyamarar gida: abin da za ka duba kafin ka ce sun lalace

Yawancin sensar gane motsi da ake kafawa a gidaje nau'in PIR ce. Ba hoto take gani ba, bambancin zafi take ji tsakanin jikin mutum da abin da ke bayansa. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne. To a Gusau, idan bazara ta kankama a watan Afrilu, katanga ta wuni tana shan rana har ta kai wannan zafin, sai mutum ya wuce sensar ba ta ce uffan ba. Lafiyarta ƙalau, wurin ne bai dace ba. Mayar da ita inuwa, cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa, tsayin mita 2 zuwa 2.4 daga ƙasa. Ka kafa ta yadda mai shigowa zai gitta ta gabanta, domin ba ta saurin jin wanda ya nufo ta kai tsaye.

In kuwa ƙara take yi ba gaira ba dalili, dubi abin da ta fuskanta: hucin janareta, akuyar da ke kwana a tsakar gida, ko tsaka mai bi ta kan fuskarta. Da hunturu, goge mata ƙura da tsumma mai laushi. Kada ka sa fetur ko kananzir, suna cin roba.

Kyamara ita ce ta fi wahalar da mutane, musamman wadda ke aiki sumul da rana amma da magariba ta yi sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Da duhu ya shiga take kunna fitilunta na ganin dare, sai ta ƙara jan wuta. Idan adaftar ba ta da ƙarfi, ko wayar ta yi tsawo kuma siririya ce, ƙarfin wutar da take bukata, 12V (volt 12), ba ya isa gare ta cikakke. Sa mitar auna wuta ka auna a gindin kyamarar, ba a bakin adafta ba, kuma da dare. In ka ga ya faɗo ƙasa da 11V, sa adafta mai 2A (amp 2, a rubuce yake a jikinta) kusa da ita, ko ka canza waya. Ka kula da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe: kankare ta da reza, in cikinta fari ne, bar ta a shago. Wayar PoE kuma, wato wayar intanet da ke kai wa kyamara wuta da bayanai tare, kada ta wuce mita 100.

Hoton dare ya yi fari kamar hazo? Yanar gizo-gizo ce a bakin gilashi, ko farar katanga na mayar mata da haskenta. Share yanar, ka ɗan karkata ta daga bangon. Wajen karkatawa kuma ka tsare mutuncin maƙwabta, kada idonta ya leƙa cikin gidansu.

Idan kyamarar ta ƙi hawa intanet, duba zangon Wi-Fi da rauta (na'urar raba intanet) ke bayarwa: ƙananan kyamarori da yawa na 2.4GHz kawai suka sani, ba sa ganin na 5GHz. Rauta da kyamara su zauna a kan inbata ɗaya, don kada ɗauke wuta ya raba su.