Yadda Auta ta koma babbaƙu a Turanci

Auta na KG2, ajin ƙarshe kafin firamare, na gane cewa hadda take yi, ba karatu ba. Wata Asabar ce a ƙofar gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na tashi daga sayar da koko da ƙosai ina wanke roba. Ta ɗauko littafinta ta zuba shi tun daga bangon farko har na ƙarshe, maƙwabta na ta sa mata albarka. Sai yayanta, mai neman magana, ya rufe hoton da tafin hannu ya nuna mata kalma ɗaya tak, "pin". Yarinya ta yi tsuru-tsuru.

Laifin nawa ne. Tun tana shekara 3 nake rera mata A B C, ina ganin na ba ta jari. Ashe sunan harafi daban, sautinsa daban. In ka jera "es", "ei", "ti" har gobe ba za su ba ka "sat" ba.

Ran Litinin na je makarantarsu da zafina. Madam ɗinsu ta zaunar da ni, ta ce haruffan Turanci 26 ne amma sautukansa sun haura 40. Tsarin da suke bi, Jolly Phonics, yana koyar da 42 a rukuni 7, kuma ba daga A ake farawa ba. Ana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida kawai yaro zai gina sat, tin, ant, snap. Sai c da k, e, h, r, m, d, sai g, o, u, l, f, b. Can gaba ake shiga haruffa biyu masu sauti ɗaya, irin ai, oa, ee, sh, ch. A gefe kuma ga kalmomi masu taurin kai kamar the, said, was, da ba sa bin ƙa'idar da yaro ya sani, dole ido ya riƙe su. Ta ce Auta za ta koma rukunin farko. Raina ya sosu, don ɗan maƙwabciyata ya riga ya kai na huɗu.

Da na kai ƙara wurin mahaifina, wanda ya tsufa yana karantar da allo, dariya ya yi. "Ke ma wa ya ba ki hajjatu kafin farfarunki ya zauna? Babbaƙu, farfaru, sannan a haɗa. Bar yarinya ta bi layi." Na ce to, Baba.

Na tara murafun kwalba na rubuta harafi ɗaya-ɗaya a kai. Kullum bayan Magariba minti 10, a kan faifai. Sautukan ba su ba ta wuya ba. Haɗawar ce ta tsaya mana a wuya kusan wata guda. Za ta faɗi s, a, t daidai, in ce to mene ne, sai ta kalli fuskata ta ce "tin". Da na yi a gaban Madam ta kama ɓarawon nan take: bakina ne. Bakin Bahaushe ba ya son barin baƙi tsirara, shi ya sa muke cewa bokiti da tebur. Ni kuwa "sa, a, ta" nake faɗa mata, ita kuma ta rasa yadda za a yi wannan ya zama "sat". Sai da na koyi jan s ɗin kamar macijin da ke huci, in datse t ɗin ba tare da wasali ba, ina tura murafun suna matsowa har su haɗu. Daren da ta fara cewa "sss-a-t, sat!" da kanta, tuwona ya kusa ƙonewa.

Sh ta zo da sauƙi, muna da ita a "shinkafa". C ce ta rikita mu, don a bokon Hausa ita ce ta "ciki", a Turanci kuma k take zama a "cat". Th kuwa har yau fama ake, a Kumasi wa ke sa harshe tsakanin haƙora? Ga harshen Tuwi na Asante da ake koya musu da nasa ɛ da ɔ, tunda Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ɗauka don makarantu, ga Larabci da yamma. Kan yaran zango na ɗaukar kaya.

Yanzu tana aji ɗaya na firamare, ana nuna musu cewa sautin ai na iya zuwa da ay ko da a sannan e a ƙarshen kalma. Makon jiya muna cikin trotro, motar haya, za mu kasuwar Kejetia, go-sulo ya tsayar da mu gaban wani shagon kifin ƙanƙara. Na ji tana gunaguni, yatsa a jikin gilashi: "f-r-e-sh, fresh. F-i-sh, fish." Ta ci "chicken" ma. "Sausage" ce ta kayar da ita, ta juyo ta ce, "Mma, wannan ba a kai mu wurinta ba tukuna."