Godiya ga waɗanda suka taimaka aka kwashe karatun Baba daga faya-fayen CD

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, karatun da marigayi mahaifinmu ya bari a faya-fayen CD ya shiga kwamfuta lafiya. A madadin iyalan gidanmu nake miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Tsohuwar kwamfuta mai Debian (wani nau'in manhajar tafiyar da kwamfuta) ce kaɗai ke da wurin saka faifai a gidan, ba ta da allo, daga laftof nake shiga cikinta ta SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa. Faifai na juyawa, amma cdparanoia, manhajar da ke kwafo sauti daga faifai, ta ce ba ni da izinin buɗe na'urar da ke karanta faifan. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin faifan da aka ɗauka a gida yana lalacewa da tsufa, kuma ba mu da wani kwafi a ko'ina.

Godiya ta musamman ga ƙanen abokina, wanda ya zauna da ni a waya har dare. Shi ya sa na buga ls -l /dev/sr0, muka ga na'urar ta root ce (asusun da ke da cikakken iko a kwamfutar) da rukunin masu amfani mai suna cdrom. Muka buga groups, babu cdrom a rukunonina. Ya yi mini bayani cewa Debian kan saka mai amfani na farko a wannan rukuni tun wajen girka ta, wanda aka buɗe wa asusu daga baya kuwa sai an ƙara shi. Wanda ke zaune gaban kwamfutar yakan samu izini kai tsaye, amma mai shigowa ta SSH ba ya samu. Da sudo usermod -aG cdrom da sunan asusuna aka saka ni a rukunin (sudo shi ke gudanar da umarni da ikon root). Ya ja kunnena a kan harafin "a" na cikin -aG ɗin nan: in aka manta shi, sai a cire mutum daga sauran rukunoninsa, har da na sudo. Sai da na fita na sake shiga kafin gyaran ya kama.

Ina kuma gode wa yayata da ta hana ni bin gajeriyar hanya. Wasu, da kyakkyawar niyya, sun ce in yi komai da sudo ko in buga chmod 777, wanda ke buɗe wa kowa izinin na'urar. Ta ce a'a: da sudo fayilolin za su fito mallakin root, shi kuwa chmod da an sake kunna kwamfuta udev, manhajar da ke tsara na'urori, zai mayar da na'urar yadda take. Ita ce ma ta lura cewa jakar da nake ajiya a diskin waje ta root ce, muka gyara da chown, umarnin sauya mai mallaka. Gaskiyarta ce, kuma na ji daɗi da ta tsaya a kai.

Mun ajiye komai a tsarin FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, sannan muka fitar da MP3 don wayoyi. Ɗaliban Baba da ke son kwafi su tuntuɓe ni.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ilimi mai amfani. Allah ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu, amin.