Kwanon Baba

Wata shida ina koyon haɗa katun a wani shago can wajen Kofar Kaura kafin oga ya ba ni aikin kaina, minti biyu kacal, labarin yaron da mahaifinshi ya rasu. Na zauna na zuba wa katun ɗin kuka iya kuka, hawaye shaɓe-shaɓe, uwar tana birgima a tsakar gida, na ɗora kiɗa mai ban tausayi. Oga ya kalla ya ce "kai ɗan nan, an taɓa yi maka mutuwa kuwa?" Wallahi raina ya ɓaci, sati biyu fa na yi a kai, daƙiƙa ɗaya hoto 24 take ci, ga wuta sai ta ga dama.

Sai ya kunna mini farkon Up, fim ɗin katun na kamfanin Pixar, 2009. Wajen minti huɗu ba wanda ya ce uffan, tun daga auren Carl da Ellie, cikin da ya zube, asusun da suke tarawa don tafiya Kudancin Amurka suna fasawa, yau taya ta fashe gobe bishiya ta faɗo kan rufi, har tsufa, har asibiti. Ta rasu, ba a nuna shi yana ihu ba. Kujeru biyu ne a falo, ɗaya ba kowa, kuma dattijon ya ci gaba da yi wa gidan magana da sunanta.

Oga bai san bara waccan muka binne Baba a Daura ba. Kwanakin zaman makoki ban ji komai ba sosai, mutane maƙil, "ya haƙuri", "haƙuri sai ma'aiki", ana ta shigo da kulolin abinci, ni ina hidimar tabarmi da ruwa. Sai bayan arba'in, Inna na cikin takaba, wata magariba ta tuƙa tuwo ta jera kwanuka ta zuba har da nashi, mai murfin nan, ta rufe, sannan ta tsaya da mara a hannu tana kallonshi. Ba ta yi kuka ba, ni ne na fita zaure.

Na goge birgimar da kiɗan gaba ɗaya. Na zana kwano a kan tabarma, buta a gefe, yaron ya ɗauko zai kai zaure yadda ya saba, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Tsayuwar nan daƙiƙa biyar na ba ta, oga ya ce in mai da ita takwas.