Otal ɗin da muka gina da jar ƙasa a Argungu

Maganar gaskiya yawancin otal-otal ɗin da ake cewa na gargajiya a arewa bulo ne da kwano kawai, a kafa zankwaye huɗu a kusurwa, a zana dagi a jikin get, shikenan wai an raya al'ada. Shiga ciki da azahar a watan Afrilu NEPA ta ɗauke ka gani ko za ka yi minti goma. To da wani Alhaji ya ba ni aikin zana masa masauki a Argungu na sa a raina irin wannan ne ba zan yi ba.

Shi dai hoton wani otal na Dubai ya turo min ta WhatsApp, gilashi tun daga ƙasa har sama, ya ce haka yake so amma a ɗan sa masa abin gargajiya saboda baƙin bikin kamun kifi. Lissafinsa ba laifi, bikin nan tun 1934 ake yinsa, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma duk shekarar da aka yi wurin kwana gagara yake, wasu sai sun koma Birnin Kebbi. Na ce ranka ya daɗe bikin ai 'yan kwanaki ne, akwai shekarun da ba a yi ba ma, sauran watannin 'yan ɗaurin aure da masu taron bita da dillalan shinkafa ne za su riƙe maka wurin, kuma garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu in ka sa gilashi yana kallon yamma dizal kaɗai sai ya cinye ribar. Al'ada ba ta motsa shi ba, da ya ji dizal sai ya gyara zama.

Kafin in ja layi ko ɗaya sai da na je gidan tarihi na Kanta, ginin da aka yi a 1831, nan ne fada har 1942. Kowa kayan yaƙi da na kamun kifi yake kallo, ni bango nake shafawa. Kauri daga ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama, tagogi ƙanana can sama, waje rana na ƙuna amma ciki da dama-dama ba fanka ba komai.

Sai aka haɗa ni da wani dattijo magini, kuma wallahi rabin zanen nan nasa ne ko da yake ba ya karanta fulan. Na shimfiɗa masa takarda ya ture ta gefe ya ce "Injiniya, ginin ƙasa ƙahwa da kai a kan tsare mai, in ruwa bai taɓa wurin ga biyu ba shina iya ganin jikokinka." Haka muka bi. Fandisho dutse da kankare, muka ɗaga shi sosai tunda filin ba shi da nisa da fadama kuma kowa ya ga ambaliyar 2020. Ginshiƙai rodi da siminti saboda bene ne. Bangon ɗakuna kuma bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji da ɗan siminti kaɗan a ciki, muka jera shi biyu don ya yi kauri. Banɗakuna dai bulon siminti da tayil, duk famfo muka tara shi gefe guda, don bututu ɗaya in ya tsiyaya cikin bangon ƙasa ba za ka sani ba sai ya gama ɓarna.

Inda muka fi daɗewa shi ne zaure, wato risefshan. Nan Baba magini ya ɗaure baka, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufi, da azara da hannunsa, yana jera guntaye kowanne ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa da igiya ana liƙa ƙasa, sai a bari ya sha iska kafin a ƙara, har ɓangarorin suka haɗu a tsakiya. Leburori matasa da suka fara da dariya wai ginin kakanni, ranar da aka haɗe bakan duk waya suka ciro. Azarar ma samunta aiki ne, sai namijin giginya wanda ya tsufa, shi ne gara ba ta iya masa, kuma yanzu ya yi wuya ya yi tsada. Duk mai ce maka ginin ƙasa araha ne bai yi na kirki ba. A sama kuwa ban yarda da rufin ƙasa tsirara ba, otal ba zai rufe duk shekara a yi masa yaɓe ba, sai muka ɓoye kwano bayan rawani, wato ɗan bangon da ya zagaye saman gini, indararo dogaye suna watsa ruwa nesa da bango. Baba bai so ba, ya ce ha'inci ne, na ce Baba a yi haƙuri.

Tsarin shiga kuwa na gidan Bahaushe muka ɗauko. Ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar ciki, wanda ke zaune a risefshan ba ya ganin tsakar gida, ɓangaren masu iyali daban da bishiyoyin dogon yaro da wurin alwala. Matan da suka zo biki abin da suka fi yabawa ke nan, babu wadda ta tanka zanen bango.

Rigima ta ƙarshe a kan shafe ce. Abokan Alhaji suka zuga shi wai baƙi za su ce kuɗi ne suka ƙare, a yi filasta a buga fenti. Siminti a kan ƙasa tsagewa yake, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita. Muka tsaya a kan makuba ta ɓawon ɗorawa a bangon zaure, da sharaɗin a riƙa sabuntawa kafin damina, har na sa aka rubuta a takardar miƙa gini don na san halin manajoji. Shi ma Alhaji ya samu gilashinsa a ɗakin cin abinci, ta arewa inda rana ba ta dukansa sosai, ko da yake har yanzu ina ganin ya yi yawa, kuma da hunturu yaro guda aikinsa ke nan goge ƙura.