Yadda na koma ga alƙalami da fensir bayan dogon hutu

Shagona na zane yana nan cikin Sakkwato, kuma abin da muke yi shi ne zayyanar allon sauka, rubutun allon shago da fenti, da zanen wurare da fensir da gawayi, irin wanda ake ratayewa a falo ko ofis. Wanda ya ga aikin yau ba zai ce mai shi ya taɓa aje sana'ar shekaru masu yawa ba.

Na koya wurin wani dattijo a tsohon gari, kusa da Hubbare, Allah shi jiƙan shi. Kafin ya bari in taɓa allon mutane sai da na gaji da haɗa tawada, a jiƙa ƙaro, a gauraya da baƙi, a tace, sannan fiƙe alƙalamin gamba har bakinsa ya yi daidai. Kullum maganarsa ita ce, "Ɗana, layi sau ɗaya ake jan shi." A 2004, lokacin bikin cika shekara 200 da kafa Daular Usmaniyya, mun sha rubutun ƙyalle da alluna har cikin dare. Ba a daɗe ba injinan buga banna suka cika gari, aikin hannu ya yi arha, na bi wani ɗan'uwana harkar albasa.

A 2020, da korona ta tsayar da harkoki, ɗan ƙanwata ya sauke Alƙur'ani. Uwarsa ta ce, "Yaya, kai za ka yi mashi zayyana." Na ɗauki alƙalami, hannu na rawa, da'ira ta ƙi haɗuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne ido bai manta komai ba. Ya san yadda kyakkyawan layi yake, don haka yana raina duk abin da hannu ya fitar, kuma a nan mafi yawan masu dawowa suke karaya.

Sai na koma inda Malam ya fara da ni. Bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, in cika takarda da layuka da da'irori da dagi, ina jan su daga kafaɗa. Na fara da fensir HB, mai matsakaicin tauri, da hannu ya saki na shiga 2B da 6B, masu laushi da baƙi, don inuwa. Kowace takarda ina sa mata kwanan wata in adana, in gwada ta da ta watan jiya, ban yarda in gwada ta da aikin ƙuruciyata ba. Daga baya na riƙa fita Kwalkwalawa ina zana fadama da kogin Rima. A can na ga shekarun albasa ba su tafi banza ba, don na fi da haƙurin kallon abu kafin in sa fensir.

Abin da ke ɓata mani rai har yau shi ne mai ciniki ya miƙo waya ya ce, "Ga shi manhaja ta yi cikin minti ɗaya, mi ya sa naka tsada?" Ko ya gwada kuɗina da na banna. A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, bannar mai arha ba ta daɗewa take koɗewa. Allon da na goge, na yi wa shafen farko, na bi da fentin mai na ƙwarai, yana shekaru. Ga masu kawo fentin da aka tsinka, gwangwani cike amma ba ya rufe katako. A hunturu kuwa sai na yayyafa ruwa a daɓe na rufe ƙofa, don kada ƙura ta manne wa ɗanyen fenti, kuma ba mai lissafa wannan in an zo ciniki.

Mai son allon sauka ya zo da wuri, don kowane launi sai ya bushe ake ɗora wani. Ranar Asabar da safe kuma ina zama da masu koyo, cikinsu har da manya da suka bar zane tun sakandare. Su zo da fensir, takarda tana wurina.